Hijabi da Yunifom ɗin Aikin Jinya: Amsa ga Sabuwar Nas

Wata baiwar Allah da ta kammala makarantar koyon aikin jinya, ta kuma samu aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Abuja, ta aiko da tambaya. Ta ce tun a makon farko shugabar ma'aikatan jinya ta kira ta ofis, ta shaida mata cewa hijabi ba ya cikin yunifom ɗin asibitin, kuma rigar nan mai dogon hannu da take sawa a ƙarƙashin yunifom ita ma ta daina zuwa da ita. Tana so ta sani ko asibiti yana da hurumin hana ta, idan kuma ba shi da shi, ta wace hanya za ta bi ta riƙe suturarta ba tare da ta rasa abincinta ba.

'Yata, na daɗe a aikin jinya, na koyar da shi, na kuma zauna a kwamitocin da ke tsara suturar ma'aikata, saboda haka zan ba ki amsa a kan abin da doka ta tanada da kuma abin da ɗakin marasa lafiya yake buƙata. Abu na farko da ya kamata ki lura da shi shi ne, umarnin da aka ba ki ya haɗa abubuwa biyu da hukuncinsu ya bambanta. Maganar rufe kai daban take, maganar dogon hannun riga kuma daban. A kan rufe kai gaskiya tana wajenki, kuma hujjojinki masu ƙarfi ne. A kan hannun riga kuwa shugabarki tana da dalili na lafiya wanda bai kamata ki yi watsi da shi ba. Matsalar da nake yawan gani ita ce, ma'aikaciya ta haɗa su wuri ɗaya ta ce duka ba za ta yarda ba, shugabanni su ma su haɗa su su ce duka an hana, a ƙarshe a rabu baran-baran alhali kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya.

Bari mu fara da doka. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowane mutum 'yancin tunani da aƙida da addini, kuma bai tsaya ga abin da ke cikin zuciya ba, ya haɗa da 'yancin bayyana addini ta hanyar ibada da koyarwa da aiki da shi, a keɓe ko a bainar jama'a. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko ƙabilarsa ko jinsinsa. Sai dai akwai sashe na 45, wanda masu neman haƙƙi kan manta da shi, shi kuma ya ba da damar a taƙaita wannan 'yanci ta hanyar dokar da ke da dalili karɓaɓɓe, domin tsaron ƙasa, ko kiyaye lafiyar jama'a, ko zaman lafiya, ko kare haƙƙin wasu. Idan kika haɗa waɗannan sassa uku za ki ga yadda ma'aunin yake: asali dai suturarki haƙƙinki ce, wanda yake so ya taƙaita ta shi ne zai faɗi irin cutarwar da yake gudu, ya kuma nuna cewa ba za a iya kauce mata ba sai da hanin.

Kotuna da hukumomin ƙasar nan sun bi wannan ma'auni sau da dama. Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta ɗalibai mata a makarantun gwamnatin Jihar Legas. Babbar Kotun jihar ta goyi bayan hana hijabi a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci a 2016, sannan ranar 17 ga Yuni, 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin ɗaliban, alƙalai biyar suka amince, biyu suka saɓa. Wannan hukunci a kan ɗalibai aka yi shi, ba a kan ma'aikata ba, don haka kada ki shiga ofis ki ce Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan nas-nas, domin idan shugabarki ta san zancen za ta kama ki da ƙarin gishiri. Abin da za ki ɗauka daga ciki shi ne, kotun ta karɓi cewa sa hijabi yana cikin aiki da addini da sashe na 38 ya kare, kuma son a ga kowa da shiga iri ɗaya bai isa ya kawar da shi ba. A ɓangaren sana'o'i masu kayan aiki na musamman, akwai Firdaus Amasa, wadda aka hana ta shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja a Disamba 2017 saboda ta ƙi cire hijabin da ke ƙarƙashin hular lauyoyi, daga baya majalisar manyan lauyoyi ta amince, aka rantsar da ita da hijabinta a Yuli 2018. A Maris 2022 Babban Sufeton 'Yan Sanda na lokacin, Usman Alkali Baba, ya amince wa 'yan sanda mata da suke so su rufe kansu a ƙarƙashin hular aiki. Kuma wannan kariya ba ta Musulmi kaɗai ba ce, domin a 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa hana wasu 'yan hidimar ƙasa Kiristoci sa siket, bayan sun ce aƙidarsu ba ta yarda mace ta sa wando ba, ya saɓa wa tsarin mulki.

Hujjar da ta fi kusa da ke kuwa daga cikin gida take. Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ita ce ta ba ki lasisi, tun a 2002 ta fitar da sanarwa da ta amince wa nas Musulma ta sa hijabin da ya tsaya iya kafaɗa tare da yunifom. Ki nemi kwafin wannan sanarwa ta hannun ƙungiyarku ko makarantar da kika gama, ki ajiye. A asibitocin Kano da Katsina da Sakkwato da Maiduguri ba wanda yake ɗaukar wannan a matsayin abin tattaunawa, farin hijabin nas ya zama ɓangaren yunifom kamar yadda takalmi yake, kuma aikin jinya bai tsaya ba saboda shi. Duk lokacin da wani ya ce mini rufe kai baƙon abu ne a wannan sana'a, nakan tuna masa inda hular nas ta samo asali. Jinya a Turai aikin mata masu hidimar coci ne tun kafin ta zama sana'ar albashi, kuma da lulluɓi suke yin ta. Florence Nightingale kanta, wadda ake ɗauka a matsayin uwar aikin jinya na zamani, a wurin irin waɗannan mata ta je neman horo a Kaiserswerth ta ƙasar Jamus a 1851, kafin ta buɗe makarantarta a Landan a 1860. 'Yar farar hular da ake maƙalawa a ka ragowar wancan lulluɓi ce. Har gobe za ki ga sistocin Katolika suna jinya a asibitocin mishan da kansu a rufe, ba wanda ya ce sun ɓata yunifom.

Za a iya ce miki asibitin mai zaman kansa ne, mai shi ke da ikon tsara shigar ma'aikatansa. Yana da ikon zaɓen launi da ɗinki da tambari, wannan ba gardama. Amma gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, a sashe na 254C, hurumin sauraron ƙarar nuna bambanci a wurin aiki da ta take haƙƙin ɗan'adam da ta shafi aiki, ba tare da an ware ma'aikatan gwamnati daga na kamfanoni ba, kuma Najeriya ta rattaba hannu a 2002 kan yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana bambancin addini wajen ɗaukar aiki da riƙe shi.

Yanzu sai mu shiga ɗakin marasa lafiya, inda nake so ki saurare ni da kunnen basira, domin a nan ne 'yan'uwanki da yawa suke rasa hujjarsu. Akwai wata shari'a da nake karantar da ɗalibaina saboda yadda ta raba tsakanin dalili na gaskiya da dalili na ado. A Janairu 2013 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke hukunci rana ɗaya a kan wasu mata biyu Kiristoci daga Birtaniya, dukansu an hana su rataya gicciye a wuya a kan yunifom. Nadia Eweida ma'aikaciyar kamfanin jiragen sama na British Airways ce, dalilin kamfanin kuma shi ne kare kamanninsa a idon abokan ciniki. Kotu ta ce wannan dalili bai kai nauyin da zai danne 'yancin addininta ba, ta ba ta gaskiya. Shirley Chaplin kuwa nas ce a ɗakin jinyar tsofaffi, asibitin ya ce sarƙar tana iya lilo ta taɓa buɗaɗɗen ciwo, ko majinyacin da hankalinsa ya gushe ya fizge ta ya ji wa kansa ko nas ɗin rauni. Kotu ta ce wannan dalilin lafiya ne, ta ba asibitin gaskiya. Addini ɗaya, alama ɗaya, kotu ɗaya, amma hukunci ya bambanta saboda dalilin hanin ya bambanta. Ko da yake hukuncin Turai bai ɗaure alƙalin Najeriya ba, irin wannan awon ne sashe na 45 yake nema.

To, wace cutarwa hijabi zai iya kawowa a bakin gadon majinyaci? Ki dubi nas mai dogon hijabi har gwiwa yayin da take wankin ciwo. Ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta buɗe faranti mai tsafta ta jera auduga da almakashi, sannan ta sunkuya don ta ga ciwon da kyau. A daidai wannan sunkuyon gefen hijabin yake zubowa gaba, ya shafi zanen gadon, ya goge bakin farantin, ita kuma ba tare da tunani ba sai ta kai hannu mai safa ta mayar da shi bayan kafaɗa. Cikin daƙiƙa biyu farantin ya gurɓata, safar ta gurɓata, hijabin kuma ya ɗauki abin da zai kai wa gado na gaba, daga nan ya bi ta cikin mota har gida wurin goyon yaro. A ƙasar da zazzaɓin Lassa ke kama ma'aikatan lafiya kusan kowace shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ki ƙara da fil ɗin da ake soke hijabi da shi, wanda zai iya faɗawa cikin shimfiɗar jariri, wanda kuma ba a yarda a shiga da shi ɗakin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI ba saboda maganaɗisunta yana fizgar ƙarfe. Ki ƙara da ɗakin masu taɓin hankali da sashen gaggawa, inda duk abin da ya zagaye wuya kuma yake da wurin kamawa haɗari ne ga mai shi.

Duk waɗannan matsaloli na tsawo ne da faɗi da fil, babu ɗaya da ta taso daga rufe gashi da wuya. Saboda haka maganinsu a wurin tela yake. Hijabin aiki ya zama na yadin auduga mai ɗan talewa wanda yake zama daram a fuska ba tare da fil ba, ya tsaya iya kafaɗa, ko kuma a cusa ƙasansa cikin wuyan riga yadda babu abin da zai zubo idan kin sunkuya. Launinsa ya bi launin yunifom, ba ado, ba duwatsu. Ya kasance da sassaucin da za ki iya zura abin sauraron ƙirji ta ƙasa ya shiga kunne kai tsaye, domin sauraro ta kan yadi yana rage jin abin da ake nema. Inda ake tsoron fizga, a yi masa maɓallin da ke ɓallewa da kansa idan an ja. Kada ya zama shi ne hijabin da kika hau mota da shi. Ki zo da babban hijabinki daga gida, ki canja a ɗakin ma'aikata, in kin tashi ki naɗe na aikin cikin leda. A wanke shi kullum tare da yunifom, a ruwa mai zafi, domin ƙa'idar da hukumar lafiya ta Ingila ta bayar ita ce wanki na minti 10 a zafin digiri 60 yana kawar da kusan dukan ƙwayoyin cuta, sannan a goge shi da dutsen guga.

Hannun riga shi ne wuri mai wuya, kuma ba zan ɓoye miki ra'ayina ba. Wanke hannu shi ne babban makamin hana yaɗuwar cuta a asibiti, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade lokuta biyar da ake yin sa: kafin taɓa majinyaci, kafin aikin da ke buƙatar tsafta ta musamman, bayan taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa majinyaci, da bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi. Nas mai aiki sosai takan yi wannan sau da yawa ƙwarai a aikin yini ɗaya, kuma wankin ya haɗa da wuyan hannu. Rigar da hannunta ya sauko har wuyan hannu tana hana wankin kaiwa inda ya kamata, bakinta yana jiƙewa, ya zauna da danshi, ya taɓa wannan majinyaci ya taɓa wancan. Wannan ne ya sa Ingila ta kawo ƙa'idar barin hannu a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa a 2007. Ma'aikata Musulmi sun yi ƙorafi, aka zauna da malamai da masana, a 2010 aka gyara ƙa'idar: ma'aikaciya tana iya sa dogon hannu lokacin da ba ta kan majinyaci, amma ya zama wanda ake iya naɗewa sama ya tsaya idan za ta wanke hannu ko ta taɓa shi, kuma an yarda da hannun riga na leda da ake zurawa daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, a yi amfani da shi ga mutum ɗaya a yar, kamar safar hannu. Wannan shi ne abin da nake ba ki shawara ki miƙa wa shugabarki da kanki kafin ta nema. Hukuncin addini a kan buɗe damtse na ɗan lokaci saboda larurar jinya na malamai ne, ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa, amma ki yi masa bayanin aikin dalla-dalla kamar yadda na yi miki, domin fatawa tana bin yadda aka siffanta al'amari.

Ɗakin tiyata yana da dokarsa, kuma ta hau kan kowa. Babu kayan waje da ke shiga, ko hular likita ce ko hijabin nas. Abin da za ki nema shi ne irin hular tiyata da ke rufe kai da kunne da wuya, ko hijabin da asibiti zai riƙa wankewa tare da kayan tiyata. Asibitin Royal Derby a Ingila ya fara samar da hijabin tiyata na yarwa a 2019, bisa shawarar wata matashiyar likita mai suna Farah Roslan, kuma babu abin da ke cikinsa da telan asibiti a nan ba zai iya kwaikwaya da yadin kayan tiyata ba. Wankin hannu har gwiwar hannu kafin aiki ba shi da makawa, amma mintoci kaɗan ne, daga nan rigar tiyata mai dogon hannu ta rufe komai. Game da niƙabi, ra'ayina shi ne kare shi a bakin gado yana da wuya, domin tsoho mai nauyin ji yana karanta leɓe, majinyaci kuma yana da haƙƙin sanin fuskar wadda ke yi masa allura. Inda aiki ya buƙaci rufe fuska, takunkumin asibiti ne ake sawa. 'Yan'uwanki maza ma suna da tasu: gemu ba ya hana jinya, amma takunkumin N95, mai tace ƙwayoyin cuta daga iska, ba ya kama fuska yadda ya kamata a kan gashi, don haka mai gemu da za a tura wurin masu tarin fuka sai an nema masa wata kariya ko a canja masa wurin aiki.

Saura yadda za ki tunkari ofis. Kada ki mayar da amsa a tsaye cikin fushi, kuma kada ki kai maganar Facebook, musamman da yake kina cikin watannin gwaji, lokacin da sallama ta fi sauƙi ga mai asibiti. Ki nemi a ba ki rubutacciyar ƙa'idar sutura ta asibitin. Sau da yawa za ki tarar babu inda aka ambaci hijabi, al'ada ce kawai da aka gada daga shugabar da ta gabata. Sannan ki rubuta gajeriyar takarda cikin ladabi, ki ce rufe kai wajibi ne a addininki, ki ambaci sanarwar hukumarku ta 2002, ki bayyana irin hijabin da za ki sa da yadda za ki yi da hannun riga, ki roƙi idan akwai wata cutarwa ga majinyaci da ake gudu a faɗa miki a rubuce don ki gyara. Ki tafi da samfurin hijabin a hannu, ki sa shi a gabanta, ki sunkuya ta gani da idonta cewa babu abin da ke zubowa. Idan asibitin yana da jami'ar kula da hana yaɗuwar cututtuka, ki roƙi a kira ta, domin ita ce mai faɗa a ji a wannan fanni, kuma idan ta ce babu matsala, abin da ya rage wa mai hani shi ne ya ce bai yi masa kyau a ido ba, ko ya ce majinyata ba sa so. Ko a Turai, inda kotun Tarayyar Turai ta yarda a 2017 cewa kamfani yana iya hana dukan alamomin addini bai ɗaya, ta ce a wannan shekara ta 2017 cewa ƙorafin abokin ciniki kaɗai bai isa dalilin raba mace da hijabinta ba.

Idan aka ƙi duk da haka, ki kai wa reshen Ƙungiyar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Ƙasa da ke kusa da ke, ki kuma sanar da hukumar da ta ba ki lasisi. Ki riƙe kwafin kowace takarda da ranar da aka ba ki ita, kuma duk umarnin da aka ba ki da baki ki bi shi da ɗan rubutu mai cewa ga abin da kika fahimta an umarce ki. Kada ki ajiye aiki da kanki cikin zafin rai, domin takardar murabus tana raunana ƙarar da za ki iya shigarwa daga baya. Ki ci gaba da zuwa a kan lokaci, da hijabin aikinki, har sai an ba ki amsa a rubuce. Kotun Ma'aikata tana nan, kuma lauyan da ya san shari'ar ƙwadago zai duba miki takardun ɗaukarki aiki kafin ki ɗauki mataki, sai dai ki sa a ranki cewa shari'ar ɗaliban Legas ta ci kusan shekara takwas tsakanin hukuncin farko da na Kotun Ƙoli, don haka ki ba hanyar ofis da ta ƙungiya cikakkiyar dama kafin ki nufi can.